Ranar da Motata Ta Sauke Ni

Shekarar samun 'yancin kai na cika wa Alhaji Sule direba baki, na ce tsohuwar motata za ta riga tasa daga Rano zuwa Kibiya. Dabarata rage nauyi. Na kwance ƙofofi da kujeru, har tawa, na ɗora kujerar girkin matata.

Ta ce, "Malam, a kan wannan za ka yi tsere?"

Na ce, "Ke dai shirya guɗa."

A kwanar farko kujerar ta zame, na faɗo gonar gyaɗa. Motar ta bi gangara abinta, ta wuce Alhaji, sannan ta tsaya a rami.

Har yau in na hau mota a tasha, sai direbobi su ce, "Malam, sauka mana, sauri muke yi!"