Ranar da Na Harbe Fitilar Hedimasta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, don har yau mutanen Beli ba su bar ni na manta ba. Shekarar da na gama sakandare ne, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko. Kawuna, malamin gona, ya dawo daga kwas a Ingila ya aiko wa Baba bindigar iska, irin wadda ake ɗura wa iska da famfo, don hasbiyoyin da suka addabi gonarmu. Ya haɗo da wasiƙa: wai irin bindigar nan biyu ce, wata da regileta mai daidaita iska, wata babu, kuma ya manta wacce ya sayo. In babu, a riƙa ƙara mata iska bayan harbi ashirin, don ƙarfinta raguwa yake yi.

Ran nan da la'asar Baba ya kira Sarkin Baka, tsohon maharbin garinmu, ya duba ta. Sai ga Hedimastan firamare shi ma ya iso. Baba ne ya gayyato shi don ya gan ni, ko ya ba ni aikin koyar da kimiyya. Ya jingine babur ɗinsa a gindin katanga, sabo fil, ko ledar sirdi bai cire ba.

Aikina in kawo fura in gaishe su in koma ciki. (Da na koma, da yanzu babu labari.) Amma sai na ga Sarkin Baka yana juya bindigar yana shinshinawa.

"Baba Sarki, kawo nan," na ce. "Ka ga wannan ɗan agogon da ke ƙasa? Shi ne regileta. Magana ta ƙare."

"'Yar boko," ya ce, "ni ban san raggilata ba. Amma bindiga ba a tambayar ta da ido. A cika ta, a sa gwangwani, a yi ta harbi. In dalma ta tsaya wuri ɗaya, akwai abin. In ta fara sauka, babu."

Na yi dariya, har da kallon Hedimasta don ya ga bambancin mai ilimi da mai gargajiya. Shi kuwa furarsa kawai yake sha.

Aka ɗora gwangwanin madara a kan katanga, daidai saman babur. Sarkin Baka ya ce a matsar da babur ɗin. Na ce, "Ba sai an wahalar da Malam ba. Bindiga mai regileta, harbin farko da na ƙarshe duk ɗaya ne. Kimiyya ce." (Gaskiyar magana, ranar da aka yi darasin iska a makaranta ina bayan aji ina cin gurasa.)

Tsohon ya ɗora bindiga a kan buhun gyaɗa. Tas! Tas! Gwangwani na faɗuwa, ana mayarwa. Ina ƙirgawa da ƙarfi, da Turanci ma. Da aka wuce ashirin da biyar sai ƙasa ta fara tashi daga jikin katanga, ƙasa da gwangwanin.

"To, ta fara sauka," in ji shi. "Babu abin. A tsaya."

"Hannunka ne ke rawa, Baba Sarki. Tsufa ne."

"Ke!" in ji Baba. Amma na riga na fizge bindigar. Na durƙusa da zanen Sallata, na saita gwangwani sosai, na ja kunamar bindigar. Shiru, gwangwani ko gezau. Na sake. Na sake, cikin fushi.

Tartsatsa!

Fitilar babur ta watse kamar an fasa ƙwai. Gwangwani na nan zaune a sama yana kallona. Matan gida da ke leƙe ta zaure suka saki salati.

Hedimasta ya ajiye ludayi a hankali. Ya je ya tsuguna gaban babur ɗinsa kamar mai ta'aziyya. Can ya juyo.

"Malama, wane darasi aka ce za ki koyar?"

"Kimiyya, ranka ya daɗe."

"Allah Sarki. Yaran mutane."

Sarkin Baka ya karɓi bindigar ya nuna min agogon. Allurar ta kwanta ƙasa. "Wannan ai cikinta yake faɗa miki, ko ta ƙoshi ko tana jin yunwa. Tun ɗazu take cewa yunwa."

Aikin kimiyya dai wata 'yar Karaye aka ba. Ni sai shekara ta zagayo aka ɗauke ni, aji ɗaya, ina koyar da baƙaƙe, inda ba abin da zan fasa sai alli. Kuma duk ranar da na shigo makaranta, Hedimasta sai ya tashi da kansa ya tura babur bayan ofis.

Abin da na koya: bindigar Baba ba ta da regileta, ni ma bakina ba shi da ita. Ita dai bayan harbi ashirin ƙarfinta yake raguwa. Nawa sai da ya ci fitila.