Ranar da Na Kai Man Gyaɗa Gwajin Fitsari

Ba zan taɓa mantawa da makona na biyu a aikin binciken ciwon ƙoda a Gashuwa ba. Likitoci na son sanin ko irin man da mai ciki ke ci yana da alaƙa da jariran da ake haifa da matsalar ƙoda. Ni aikina bin gidaje, in karɓo man girki a wata kwalba, fitsarin jariri a wata. (Kwalaben iri ɗaya ne, ku riƙe wannan.)

A unguwar Katuzu na tarar da Falmata da jaririnta Modu, fuskarsa duk a kumbure. Na karɓi abin karɓa, na manna takardun shaida, na jefa a kula mai ƙanƙara, na haye bayan a-kori-kura ina jin kaina rabin likita. Kafin mu iso ɗakin gwaji ƙanƙara ta narke, takardun suka saɓule. Ni kuwa mai difloma, maimakon in faɗi gaskiya, sai na ɗaga kwalaben a rana na zaɓa da ido.

Washegari mai gwaji ya kira ni gaban kowa ya ce, "Malama, yaron nan ƙuli-ƙuli ya sha ne? Fitsarinsa zai soya ƙosai."

Kowa ya kwashe da dariya, ban da likitarmu. Ta ce, "Kin ci wa yaro mai kumburi kwana guda." Na ji kamar in nitse.

Take na hau acaɓa na koma Katuzu na faɗi laifina. Awa uku muna gadin Modu kafin ya ga dama ya yi fitsarin, rabi ma a zanena ya sauke. Kakarsa ta gama dariyarta, ta ɗauko jan farce ta ɗiga a murfin kwalbar fitsarin.

"'Yar nan, haka muke gane kwanukanmu a gidan biki. Ruwa ba ya wanke shi."

Gwaji ya nuna matsalar, aka tura Modu asibitin Nguru, aka fara yi masa magani da wuri. Da likita ta ga jan ɗigon, sai ta sa duk ma'aikata su riƙa yin haka, ni ce ma na koyar da su.

Yanzu Modu awaki yake kora. A Katuzu har yau Malama Mai Man Gyaɗa suke ce mini, ina kuma amsawa da fara'a. Difloma tana gida cikin akwati, amma ba na fita aiki babu jan farce a jaka.