Ranar da Na Je Ƙwato Harajin Kuɗin Ruwa

Duk majalisarmu ta bakin kasuwar Tarauni an san ni da abu ɗaya: ba na cin kuɗin ruwa. Karatuna bai taka kara ya karya ba, amma da an taɓo zancen ruwan da banki ke ɗora wa ajiya, sai in gyara zama in yi ta zuba har shayina ya huce. Har "Malam" suka laƙaba mini, ni kuwa ina ji da sunan nan fiye da kima.

Rannan ina shago sai ga saƙo a waya, an zuba mini ruwan ajiya naira dubu biyu da ɗari da arba'in. Ban gama murmushi ba wani saƙon ya biyo baya, wai an cire ɗari biyu da sha huɗu na haraji. Raina ya ɓaci. Na garƙame shago, na biya mai adaidaita ɗari uku, sai banki.

Na tsaya a gaban wata ma'aikaciya, na ce, "Baiwar Allah, wa ya taɓa mini kuɗi?"

Ta duba kwamfuta, ta ce, "Alhaji, ajiyarka na nan yadda take. A cikin ruwan da ta haifa gwamnati ta ɗauki kasonta, tunda shi ma samu ne."

Na ɗaga murya don na cikin layi su ji. "Ni fa ba cin kuɗin nan nake yi ba. Haram ne!"

"Ai da sauƙi." Ta turo mini takarda da biro. "Sa hannu a nan mu tsayar da ruwan baki ɗaya. Babu ruwa, babu haraji."

Na dubi biron, na ƙi ɗauka. Na sassauta murya, na ce, "A'a, ba sai an kai can ba. Ɗari biyu da sha huɗun nan dai nake magana."

Sai na ji gyaran murya a bayana. Na waiwaya. Tanimu mai taya ne, ɗan majalisarmu, wanda ko makon jiya sai da na yi masa wankin babban bargo a kan ruwan banki. Ya leƙo ta kafaɗata, ya ce da ma'aikaciyar:

"Hajiya, taimaka ki cika masa haram ɗinsa. Malam ba ya son tauye mudu."