Yadda Na Kare Lambun Hajiya Daga Sanyin Jidda

Watana biyu da fara aikin lambu a wani gida a unguwar Ruwais ta Jidda, na ji mai gidan, Hajiya Asma'u, tana cewa gobe za a yi sanyi. Ni mutumin Jos ne, na taɓa ganin sanyi ya ƙone gonar tumatir ƙurmus, don haka na ɗaura ɗamara. Na tattaro ledoji da barguna, na lulluɓe na'ana'a da furannin Hajiya, na danne gefe da duwatsu.

Malam Bala direba, haifaffen unguwar Nuzla a nan Jidda, ya tsaya yana kallona.

"Ya akhi, ɗan'uwa, wane sanyi ne a Jidda?"

Na ce, "Kai dai mota ka sani. Bar mini shuka."

Sanyin ya zo, ƙarfinsa bai wuce a kashe fanka ba. Amma na dage sai an kwana uku, domin na san sanyi da yaudara. Ranar da na yaye ledojin, tururi ne ya fara dukan fuskata. Na'ana'ar ta dahu luguf, furannin sun koma kamar ganyen miya.

Hajiya ta daɗe tana kallo, ni kuwa ina tunanin inda zan nufa, ba aiki ba iƙama, wato takardar zama. Can ta ce, "Halas, ya wuce, ɗana. Ka sake shukawa."

Malam Bala bai bar labarin ya kwana ba. Har yau idan na ratsa unguwar Sa'alaba da zafin azahar, sai wani ya ce, "Mai Bargo, yau za mu rufa ne, ko mu dakata?"