Dubagari da Fitilun Tsofaffin Sojoji

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na ƙone girata a tsakiyar kasuwar Lafiya ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hular da ke bisa kaina. Girar ta tsiro daga baya (ta hagu dai ba ta ƙara komawa daidai ba), amma kunyar har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara faɗa muku ko ni wane ne a lokacin. Cikin shekarun nan ne na alif ɗari tara da hamsin da wani abu, kafin mulkin kai, ni kuma dubagari ne. Yaran yanzu ba su san dubagari ba. Mu ne masu gajeren wandon kaki da ke bi gida-gida da ludayi, mu leƙa randa, in mun ga tsutsar sauro mu sa a tuntsurar da ruwan. Ni kuwa na ɗauki aikin da zafi fiye da wanda ya koya mini shi. Daga zaure nake hango ƙura a kan kwano. Matan kasuwa in sun gan ni tafe sai su hau rufe kayansu suna jan tsaki, ni kuma in ƙara ɗaga kai, a tunanina kwarjini ne ya yi mini yawa.

Ana nan sai kawuna, Malam Ɗanladi, ƙanin mahaifiyata, ya zama ɗan majalisa mai zuwa Kaduna. Ya ce in ajiye ludayi in zo in riƙe masa jaka. Na ajiye ludayin, amma halin ban ajiye ba.

In Kawu yana gari, zaurensa ba ya rabuwa da mutane. Manoma su zo da kukan gadar da ruwa ya cinye, Fulani su zo da maganar burtalin da aka nome, mata su aiko cewa kananzir ya ɓace a kanti. Sai kuma tsofaffin sojoji, waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Boma da lambobi a ƙirji, ba gona mai kirki, ba aikin yi. Su ba sa roƙo. Su zo, su ƙame, su sara wa Kawu, su nemi gefe su zauna. Babbansu shi ne Saje Tanko, wani dogon mutum daga ƙasar Eggon, mai ɗan ɗingishi da murya kamar ganga. Kawu ya yi maganarsu a Kaduna har muryarsa ta dushe, ana ta ce masa ana dubawa.

A daidai lokacin kuma ɓarayi suka sa kasuwa a gaba. Yau a fasa rumfar doya, gobe a kwashe gishirin matan Keana. Sai Kawu ya haɗa matsalolin biyu wuri guda: a ɗauki tsofaffin sojojin nan gadin kasuwa. Sarkin Kasuwa na wancan zamani (ba zan kama suna ba, jikokinsa abokan hirata ne) yana da nasa samarin da yake so a ɗauka. Ya ce tsofaffi ba sa gani in duhu ya yi. Kawu ya ce shi zai kawo fitilun da za su mai da dare rana. Aka tsaya a kan haka a gaban dattawa: in fitilu sun zo sun yi haske, aiki na sojoji ne, in ba su yi ba, na samarin Sarkin Kasuwa ne.

Kawu ya dawo daga Kaduna a jirgin ƙasa da fitilun gas guda huɗu, irin waɗanda ake yi wa famfo. Ranar ba na gari, ya aike ni Ashige in ga wata rijiya da ta rufta. Ashe a daren da ya iso ya kira Saje sun gwada su duka, sun ga haskensu, suka jera su a ɗakin baƙi, aka ja wa yaran gida kunne kada wanda ya kusance su. Ni ba wanda ya ja mini kunne. Wa zai ja wa mai ilimi kunne?

Ga abin da ban sani ba. Lagwanin irin wannan fitila ba kamar na fitilar ƙwai ba ne. Wata 'yar jaka ce ta farin zare da ake ɗaurawa a ciki. Da an kunna ta sau ɗaya sai ta ƙone ta zama toka, amma ta tsaya da siffarta, kuma wannan tokar ita ce ke ba da hasken. Ko hura ta ka yi da ƙarfi sai ta ruguje.

Na dawo daga Ashige da hantsi, ranar da za a yi bikin miƙa fitilun. Na leƙa ɗakin baƙi, na ga abubuwa suna ta ƙyalli, raina ya yi fari. Da na matsa kusa sai na ga a cikin kowane ƙwan fitila akwai wani abu fari-fari yana reto, kamar yanar gizo. Raina ya ɓaci. Na ce wato mutanen kantin Kaduna sun raina mu, sun sayar wa Kawu kaya da datti a ciki, don sun ga daga Lafiya ya fito. Na ɗauko tsumma da ruwan sabulu, na cire ƙwan ɗaya bayan ɗaya, na goge abin nan tas. Har da sa tsinke a lungu. Da na gama na ja da baya ina kallonsu, ina jin daɗin kaina, na ce da ba don ni ba da yau an ji kunya.

Bayan sallar magariba kasuwa ta cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi, an kawo wa dattawa kujeru. Sojojin sun sa tsofaffin kakinsu da suka sha guga, sun jeru, lambobinsu na ƙara in sun motsa. Sarkin Kasuwa na gefe da samarinsa. Matan gishiri sun yi layi a bakin rumfunansu, a gabansu kuwa Mama Ladi, wata Alago mai faɗin murya wadda na sha zubar wa da ruwan randa har sau ba adadi. Ni kuma na sha farar riga da sabuwar hula.

Kawu ya yi jawabi a kan mutanen da suka tsallaka teku suka dawo aka manta da su. Ya yi kyau ƙwarai, har wata tsohuwa ta share hawaye. Sai ya juya zai kira Saje ya kunna ta farko. Ni da ba a tambaye ni ba na yi tsalle na shiga gaba.

“Kawu, bari ni in kunna. Na san kanta.”

(Ban san kanta ba. Sau ɗaya na taɓa ganin ana kunna irinta, a tashar jirgi, daga nesa.)

Na durƙusa, na yi mata famfo, na ƙara, na sake ƙarawa, don in an ga hasken a san hannun wa ya fito. Na ƙyasta ashana, na kai fuskata kusa don in ga abin da nake yi, na murɗa.

Fuuu!

Wata jar wuta ta yi tsalle ta fito ta saman fitilar da baƙin hayaƙi. Na ji ƙaurin gashi kafin in gane nawa ne. Wani ya yi ihu, “Hularka! Hularka!” Na yi jifa da ashana na zabura, ban ga komai a gabana ba sai randar da ke bakin rumfar Mama Ladi. Na ture murfin na cusa kaina ciki har wuya, da hula da komai.

Da na ɗago, ruwa na zuba ta hancina, kasuwa ta yi tsit. Mama Ladi ta riƙe ƙugu ta dube ni sama da ƙasa.

“Dubagari! Kai ne ka sa kai a cikin ruwan sha? To wannan ruwa ya lalace. A zubar!”

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Matan da na shekara ina takura wa suka riƙa faɗuwa a kan juna. Wata ta ɗauko ludayi ta leƙa randar tana cewa ta ga babbar tsutsa mai hula. Har liman ya rufe baki da hannun riga.

Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Saje ya riga ya kashe wutar, shi kuma Kawu ya ɗaga sauran fitilun yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ya juyo a hankali.

“Ina lagwanin?”

“Wane lagwani, Kawu? Yanar gizo ce kawai na tarar a ciki, na goge.”

Ya rufe ido. Lagwanin ajiya da aka ba shi a kanti sun ƙare wajen gwaji, kuma duk Lafiya ba mai sayar da irinsu. Nan ne dariyar ta fita daga kunnena, don na ga fuskokin sojojin. Mutanen nan sun goge takalma, sun gaya wa matansu gobe za su fara aiki, ni kuma na share musu aikin da tsumma.

Sarkin Kasuwa ya gyara zama ya yi gyaran murya. “To, Ɗan Majalisa, magana dai a kan haske muka yi ta. Ga fitilu, amma ni ban ga haske ba, sai dai na girar yaronka.”

Sai Saje Tanko ya tako gaba, ya buga ƙafa, ya sara.

“Ranka ya daɗe, a ba ni izni. A Boma, sojan da ya kunna fitila a wurin gadi, shi ne ake fara harbi. Ɓarawo yana ganin mai fitila tun daga nesa, mai fitila ba ya ganin ɓarawo. Mu a duhu muka koyi aiki. A ba mu sati ɗaya haka. In doya ɗaya ya ɓata, a kore mu, ba za mu yi magana ba.”

Mama Ladi ce ta fara ɗaga murya. “A ba su! Gishiri namu ne, mu mun yarda.” Sauran matan suka ɗauka, masu doya suka biyo baya. Sarkin Kasuwa ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba wurin tsayawa, ya ce shi ma dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

A hanyar gida na jira faɗa, ban samu ba. Kawu ya ce kawai, “Jirgin Makurɗi yana wucewa jibi.” Haka na shiga jirgi neman lagwani da gira ɗaya, yara na leƙo ni ta bayan iyayensu. Na yi kwanaki ina bin kantuna kafin in samu lagwanin, na riƙo su a ƙirji har gida kamar ƙwan zabo.

Da rana tsaka na kai wa Saje gidansa. Na tarar da shi a gindin mangwaro, ƙwaurinsa ɗaure da tsumma, goshinsa da ƙulu. Na tambaya ko ɓarayi ne.

“Wane ɓarayi? Turmin masu gishiri ne. Goshi kuma ginshiƙin rumfa.” Ya rage murya. “Malam Dubagari, ni dundumi gare ni. Tun da na dawo daga Boma, in rana ya faɗi ko tafin hannuna ba na gani. Kofur, mataimakina, ma haka. Mu biyu mun fi kowa son fitilan nan.”

Na durƙusa kusa da shi. “To, Baba Saje, yaya kuka yi gadin?”

“Na zauna a tsakiyar kasuwa ina ba da oda da ƙarfi. Hagu! Dama! Ku kewaye ta baya! Ɓarawo ya ji, ya ɗauka bataliya ne.” Ya yi dariya har ƙulun goshinsa na rawa. “Ko doya ɗaya bai ɓata ba.”

“Amma abin da ka faɗa a gaban mutane fa?”

“Na Boma gaskiya ne. Sauran kuwa, rabi don aikinmu na faɗa, rabi don kai. Na ga kana tsaye ruwa na zuba a rigarka, kamar za ka yi kuka. Yaro in ya ɓata fareti, sajensa ne ke tare masa. Ba a barin shi a fili.”

Na dubi tsumman da ke ƙafarsa. Mutumin da na kusa raba shi da abincinsa ya yi sati yana karo da turmi a cikin duhu, bai ko aiko a zage ni ba. Na miƙa hannu zan taya shi ɗaura lagwanin, don in nuna ni ma ina da amfani.

“A'a,” in ji shi, ya janye fitilar. “Koma can. Hannu a baya. Kallo kawai.”

Da yamma fitilun suka kama, haske fari fat, har daga tashar jirgi ana hango kasuwa. Sojojin sun riƙe gadin nan shekara da shekaru, Kawu kuma ya riƙa ba da labarinsu a Kaduna (ban da ɓangaren randa, Allah ya saka masa). Mama Ladi dai har ta bar duniya, in ta hango ni sai ta ɗora dutse a kan murfin randarta.

Ni kuwa tun daga ranar, in na ga abu ya yi mini kama da datti a wurin da ba ni na ajiye shi ba, sai in mai da hannuwana baya in tambayi mai shi tukuna. Matata ta ce a duk tsofaffin dubagari ba ta taɓa ganin wanda ke gaida yanar gizo ya wuce ba sai ni. Ban taɓa musa mata ba. Nakan shafa girata ta hagu ne kawai in ce a bar yanar, wataƙila aiki take yi.