Ranar Da Na Goge Malam Sani Maƙeri

Ko zan manta komai a aikin nan, ba zan taɓa mantawa da ranar rabon taki a ƙauyen Ƙofa ba. Shekarata ta farko ke nan da wata ƙungiyar manoma mai ofis a Kankia, ni ne mai kula da rumbun bayanansu, wato inda kwamfuta ke ajiye sunan kowane manomi daga Kankia har Kusada. Lokacin ina ji da kaina ƙwarai (digiri sabo, tabarau sabo, ga jakar kwamfuta da ko masallaci da ita nake shiga).

Tun kafin zuwana, Malama Rabi ce ke bin ƙauyuka tana rubuta sunaye. A takardarta akwai wani gurbi da ta sa wa "inkiya": Dogo, Maƙeri, Na-Tasalla, Mai Jaki. Na yi dariya, na ce mata rumbun bayanai ba dandali ba ne. Ta ce in bar shi, yana da ranarsa. Na ce to, tana juya baya na cire shi.

Ra'ayina a lokacin, wanda har musu nake yi a kansa da abokan karatuna, shi ne suna da sunan mahaifi da gari da ranar haihuwa sun isa su bambance kowane ɗan Adam. Duk layi biyun da suka zo ɗaya a waɗannan huɗun, to mutum guda aka rubuta sau biyu, ko kuma wani ke son cin rabo biyu. Na rubuta ɗan umarni, kwamfuta ta share duk maimaici, na tashi ina yaba kaina. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, yawancin dattawanmu ran ɗaya ga Janairu aka "haife" su, don wanda bai san ranarsa ba ita ake rubuta masa, shekarar kuma a kintata. Ni ma kakana haka katinsa yake.

Ruwa ya zauna, shuka ta fito, kowa taki yake jira. Muka kafa tebur a ƙofar gidan mai gari. Bayan azahar wani dattijo gajere mai ƙunar wuta a hannu ya matso, ya ce shi ne Sani Abdu. Na duba, na ce an ba shi tun da safe. Ya ce bai karɓa ba. Da na yi shiru a nan da na tsira, amma bakina ya riga hankalina. Na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji:

"Baba, a ji tsoron Allah. Kwamfuta ba ta mantuwa, kun karɓa."

'Ya'yansa na wurin, surukansa na wurin. Dattijon ya sunkuyar da kai. Mai gari ya dube ni, sannan ya kira sunan Sani Abdu da ƙarfi. Sai ga wani dogon tsoho daga gindin amalanke ya amsa.

"Wancan Sani Dogo ne, wanga Sani Maƙeri," in ji mai gari. "Iyayensu duka Abdu, kaciyarsu ma rana ɗaya. Wanne daga ciki ka ce ma ɓarawo?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malama Rabi na gefena, ko kallona ba ta yi ba, kuma rashin kallon ya fi mari zafi. Malam Sani Maƙeri ya ɗago, ya ce a hankali:

"Ɗana, sunan ne ɗaya. Tukunya biyu ce."

Da kunyar ta tsaya a kaina da sauƙi. Amma buhunan an kawo su ne daidai da jerin da na tace, babu ko ɗaya a sama. Kuma ba shi kaɗai na goge ba. Kwana uku muna maido da mutane daga tsofaffin takardun Malama Rabi, ita tana karantawa ina bugawa, ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba. Kafin a kawo wani takin, masarar dattijon ta wuce lokacin da zai yi mata amfani.

Da kaka na je neman gafara. Na same shi a maƙera, ya ce ya yafe tun ranar, abinci na Allah ne. Ya sa aka kawo mini fura, na sha da ƙyar, domin daga inda nake zaune ina hangen damman da ya samu, kuma ko ni da ban iya riƙe fartanya ba na san ba za su kai gidan nan damina ba.

Yanzu kowane manomi lambarsa daban, kuma idan na ga layi biyu iri ɗaya ba na goge ko guda sai na hau babur na je na gaisa da su duka biyun. Abokan aiki na tsokanata wai rumbuna cike yake da datti. Ina barin su su yi dariyarsu. Gara nawa rumbun ya yi datti da in sake share na wani.