Nasarar Koci Dunaway ta Ɗari Biyar

Idan ana lissafin manyan mutanen da jihar Ohio ta haifa, a fara da Koci Orville Dunaway, sauran su biyo baya in an sami wuri. Shi ma haka ya tsara lissafin. Shekara talatin da shida yana horar da 'yan matan kwalejinmu wasan tanis, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa jin ya yi kuskure ba, don shi ne mai ba da labarin. Jaridar ɗalibai ta taɓa kiransa Uban Raga, ya yanke shafin ya sa a gilashi ya rataye. Mu ma'aikata Farfesa muke ce masa, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

Ni shekara ashirin da biyu nake gyaran famfo da fitilu a kwalejin nan, kuma bangon katako ne kawai tsakanin ofishinsa da ɗakin kayan aikina. Saboda haka tarihin Koci na sha shi har ya ginshe ni. A yadda yake faɗa, shugaban kwaleji ne da kansa ya taka har gida ya roƙe shi ya zo ya ceto wasan mata. A yadda tsofaffin ma'aikata suke faɗa, doka ce ta tilasta wa kwaleji ta buɗe wa mata ƙungiyoyin wasa kamar na maza, aka duba cikin malaman motsa jiki, aka ga shi kaɗai yake da lasin tuƙa bas. Aka miƙa masa makullin mota da kwandon ƙwallaye, shi ke nan ya zama gwani.

Kuma gwani ne, kada wani ya yi musu. Ka gan shi a bakin fili bisa kujerarsa mai naɗewa, da baƙin tabarau, da usur a wuya, ko da yake babu inda ake busa usur a tanis. Idan yarinya ta zo hutu tana haki, ana cin ta babu ƙaƙƙautawa, sai ya kira ta da yatsa ɗaya, ya yi shiru na ɗan lokaci don hikimar ta nuna, sannan ya ce, "Ki mayar mata da ƙwallon. In ta sake bugowa, ki sake mayar mata." Daga nan ya jingina, ya gaji da aiki.

Farkon kowace shekara yakan tara sababbin ɗalibai ya yi musu huɗuba. "'Yan mata, tanis ba a hannu yake ba, a nan yake," sai ya ƙwanƙwasa goshi, nasa ba nasu ba. "Ni ban zo in koya muku buga ƙwallo ba, kowane wawa zai iya wannan. Na zo in gina mutane. Likitoci nawa na gina? Lauyoyi nawa? Ku je ku tambaya." Da za a je a tambaya da an sha wuya, don bai riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Da lambar fili yake kiran kowa. Sai ka ji yana cewa Lamba Huɗu ta shekarar ambaliya ta haihu, ko Lamba Biyu mai gilashi ta aiko masa da kati.

Nasarorin kuwa ya tara su da basira. Shi yake tsara wasannin share fage, kuma Allah ya ba shi ido na gane makarantar da ba ta da ƙarfi. Kowace shekara sai ya gayyato makarantar koyon jinya, da wata kwalejin horar da limaman coci da ke zuwa da 'yan wasa huɗu. Akwai shekarar da muka lallasa wata makaranta da sai da ta ari raket biyu a wurinmu kafin a fara. In an ci, Koci ya ce, "Na ci." In an sha kashi, ya ce, "Sun faɗi."

To, shekarar da nake ba da labari, kwaleji ta roƙe shi cikin ladabi ya huta, irin roƙon da ba a ƙi. A rukunin kwalejojin da muke karawa da juna akwai al'ada: kocin da ya kai nasara ɗari biyar, ana rubuta sunansa a allon girmamawa, kwalejinsa kuma ta sa wa filayen wasa sunansa. Koci Dunaway yana da ɗari huɗu da casa'in da tara, wasa ɗaya ya rage masa a duniya. Abokan karawar kuwa 'yan kwalejin ƙetaren kogi ne, kocinsu Darlene Hruska, tsohuwar ɗalibarsa. "Ni na yi ta," in ji shi. Ita kuma takan ce ta gode masa ƙwarai, don shi ya koya mata duk abin da bai kamata koci ya yi ba.

Ga yadda ake karawar. Wasa tara ne, uku na bibbiyu, shida na ɗaiɗai, wanda ya ci biyar ya yi nasara. A na ɗaiɗai, doka ta ce kowane koci ya jera 'yan wasansa bisa ƙarfinsu, gwana ta kara da gwana a fili na ɗaya, haka har zuwa na shida. Ba a yarda ka ɓoye gwanarka a ƙasa don ta ci bulus ba, sai in rauni ne ya rage mata ƙarfi, kuma koci ya sa hannu a takarda. Gwanarmu ita ce Marisol Ortega, 'yar ajin ƙarshe, kyaftin, shekara uku tana riƙe da fili na ɗaya. Matsalar ita ce gwanar Darlene ba a taɓa cin ta ba a shekarar nan.

Ranar Alhamis ina ɗaure wata waya, na ji Koci ta bango.

"Lamba Ɗaya, zauna. Kafaɗarki tana ciwo."

"Kafaɗata kalau take, Koci."

"Tana ciwo, 'yata. Shekara talatin da shida nake kallon kafaɗu, na san mai ciwo tun kafin mai ita ta sani. Asabar a fili na uku za ki buga. Lamba Shida za ta hau na ɗaya."

"Haba Koci! Tessa fa bana ta fara. Yanka ta za a yi a gaban mutane. Kuma wasana na ƙarshe ke nan. Babana ya ɗauki hutu, tun daga Texas za su tuƙo mota, awa ashirin, don su gan ni a fili na ɗaya."

"Za su gan ki a na uku. Shi ma yana da raga. Ku yaran yanzu kanku kawai kuka sani. Tarihi ake shirin rubutawa, ke kina maganar babanki."

Ya kira Tessa, wato Lamba Shida, ita ma, ya yi mata bayanin aikinta a taƙaice: ta tsaya, ta riƙe raket, kada ta yi kuka.

Ranar Juma'a ni ya kira. Kowa ya san in koci ya kafa tarihi, 'yan wasansa sukan lallaɓo ta baya su juye masa bokitin ruwan ƙanƙara a ka, ba zato ba tsammani. Koci bai yarda ya bar wannan ba-zata a hannun yara ba. Ya ce in cika babban bokitin nan mai launin ruwan lemo da ruwan ƙanƙara, in ajiye bayan benci. "Ni ban san komai game da wannan ba, ka gane?" ya ce. "Amma ta hagu za su zo, saboda hasken rana. Na gaya wa mai hoton jarida inda zai tsaya." Na ce na gane, Farfesa.

Asabar ta zo da iska mai sanyi, irin ta watan Afrilu a Ohio da ke shiga har ƙashi. Mutane sun cika benci da barguna da kofunan kofi. Aka kira 'yan ajin ƙarshe aka ba su furanni, sannan Marisol ta fito an naɗe mata kafaɗar dama da bandeji tun daga wuya har gwiwar hannu. Koci da kansa ya yi naɗin, kuma bai yi rowar bandeji ba. Da aka yi musayar takardun jeri, Darlene ta karanta, ta ɗago ta dube shi.

"Orville, ko kunya ba ka ji?"

"Darlene, Darlene. Har yanzu ba ki koyi karanta wasa ba."

Ta kai ƙara wurin alƙalin wasa, wani dattijo mai suna Mista Eckert. Ya duba takarda, ya ga sa hannu, ya ce in ba hujja ba abin da zai iya yi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin gani. Cikin minti arba'in aka gama da Tessa, ko zagaye ɗaya ba ta ci ba, a gaban taron da ya fi kowane yawa. Ta daure har ƙarshe, sai da ta zagaya bayan shinge sannan ta fashe da kuka. Marisol kuwa tana can fili na uku kusa da kwandunan shara, tana buga ƙwallon farko ta ƙasa kamar mai koyo, bisa umarnin Koci, kuma duk da haka ta cinye ba tare da ta yi gumi ba. Babanta, mai walda ne, ya tsaya jikin wayar shinge riƙe da furanninta, bai tafa ba ko sau ɗaya. Ni dai raina ya ɓaci, kuma ba ni kaɗai ba.

Dabarar ta ci. Biyar da huɗu aka tashi. Koci ya miƙe, ya cire rigar sanyi ya bar farar riga, ya taka a hankali zuwa daidai inda ya auna jiya, ya juya baya yana kallon sama kamar mai nazarin gajimare.

Bokitin nan yara biyu suke ɗaukarsa, don ni ma sai na yi nishi kafin in ɗaga. Biyu sun kama hannayen bokitin ke nan, Marisol ta ce, "Ku bari. Ni ce kyaftin, ni kaɗai zan ɗauka." Ta sunkuya ta cicciɓe shi, ta zo ta hagu yadda aka tsara, ta ɗaga shi sama da kanta da hannu biyu, miƙe sarai. Ba ta juye nan da nan ba. Ta tsaya a haka, bandeji yana warwarewa yana lilo, har sai da ta ji mai hoto ya ɗauka sau uku. Sannan ta sakar masa ruwan.

Koci ya yi ihun mamaki, wanda na tabbata ya gwada shi a gida. Ya jiƙe sharkaf, haƙora suna kaɗawa, ya sa hannu a aljihu ya zaro jawabinsa, an naɗe shi a leda don kada ya jiƙe.

"Ban taɓa tsammanin wannan ba," ya fara karantawa. "Jama'a, ɗari biyar ba lamba ba ce, rayuwa ce. Mutane suna tambayata, Koci, mene ne sirrin? Nakan ce musu gaskiya da riƙon amana. Ban taɓa bin gajeriyar hanya ba..."

Bai lura babu mai kallonsa ba. Duk idanu suna kan Mista Eckert, wanda ya tako da takardar jeri a hannu, Darlene tana biye da shi.

"Marisol," in ji dattijon, "wace kafaɗar ce mai ciwon?"

"Ka tambayi Koci, yallaɓai. Shi ya gano ciwon. Ni har yanzu bai iso gare ni ba."

Koci ya dubi bokiti, ya dubi bandejin da ke ƙasa, ya dubi mai hoton da shi da kansa ya gayyato.

"Farin ciki ne ya warkar da ita!" ya ce. "Sananne ne a likitance. Ni na sha gani."

Darlene ta yi dariya har sai da ta dafa raga.

Ranar Litinin hoton ya fito a shafin farko, babba, hasken rana ya faɗo daidai yadda Koci ya so. Ranar Laraba wasiƙar rukuni ta iso: an soke nasarar, an ba ƙetaren kogi. Ya je ofishin shugaban kwaleji ya nemi a ƙara masa shekara ɗaya, aka ce an riga an ɗauki wata koci a madadinsa. Ya ce wata ɗaya ma ya isa, aka raka shi bakin ƙofa ana yi masa godiya.

Walimar bankwana dai ba a fasa ba, don an riga an yi odar kek, da 500 rubuce a kai da jan sukari. Matar kicin ta sa wuƙa ta kankare, ta rubuta 499, tabon yana nan kowa yana gani. Koci ya yi jawabin minti hamsin a kan hassada.

Yanzu kullum da safe yana shagon aski, yana gaya wa duk wanda aka ɗaura wa ƙyalle a wuya cewa shi ɗari biyar ya ci, siyasa ce ta cinye ɗaya. Garin kuwa ya riga ya raɗa masa sabon suna, har masu kawo wasiƙa da shi suke kiransa: Koci Saura Ɗaya. Bana shekara uku ke nan, ɗayar tana nan yadda ya bar ta.